Tambaya da Amsa: Yadda Za a Ɗauki Hirar Tsofaffin Gida a Adana Ta

Wasiƙun wannan karon yawancinsu a kan tsofaffin gida suke, da labaran da ke cikinsu, da yadda za a yi kada su wuce da su. Mun haɗa amsoshin da taimakon masu aikin tattara tarihin baka da masu kula da tsofaffi a nan Jos.

Tambaya: Assalamu alaikum. Kakata ta wajen uba ta haura tamanin. An kawo ta Jos tana amarya daga ƙasar Kano, lokacin kakanmu yana aikin kuza. In tana cikin nishaɗi labari take zubowa ba a tambaye ta ba, amma ranar da na ajiye waya a gabanta na ce, "Hajiya, ba ni tarihinki," sai ta ce ita ba ta da wani tarihi, ta ja carbinta. Yaya zan yi? Daga wata jika a Unguwar Rogo.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Tambayar ce ta yi mata girma. Wanda aka ce ya kwaso shekara tamanin a zama ɗaya bai san ta inda zai kama ba, sai ya ce babu. Ki rage ta, ki kai Hajiya rana ɗaya, wuri ɗaya. Ki ce, "Ranar da aka kawo ki Jos, a mota kuka zo ko a jirgin ƙasa? Wa ya rako ki?" In ta ce jirgi, ki tambaya ko ta Kafanchan suka biyo, ko kuwa ƙaramin jirgin nan ne mai tasowa daga Zariya, wanda aka daina aiki da shi a 1957. Daga nan ki bi ta a hankali: wane gida aka sauke ta, ɗaki nawa ne a gidan, su wa ke maƙwabtaka da su, ina suke ɗebo ruwa, yaya ta yi da sanyin garin a shekarar farko, ranar da ta fara cin acca me ta ce. Tambayar da amsarta "e" ce ko "a'a" tana kashe hira. Wadda ta fara da "yaya", ko "wa", ko "sai aka yi me" ita ke buɗe ta.

Abin da ya fi tambaya aiki shi ne abin da za ta riƙe a hannu. Ki roƙe ta ta buɗe tsohon akwatinta, ko ki ɗauko ɗaya daga kwanukan jerenta, ko kwabo mai huji in akwai, ko zanen da ta daɗe tana ɓoyo. Ki miƙa mata ki yi shiru. Tsohuwar da ta ce ba ta da labari, in ta juya langar aurenta ta ga inda fentin ya ɓantare, za ta gaya miki wanda ya saya, da kuɗin da aka saya, da yarinyar da ta yar da ita, da faɗan da aka yi a kai. Tunawa ta fi zuwa ta hannu da hanci da kunne, shi ya sa ƙamshin turaren wuta ko waƙar daka ke fito da abin da tambaya goma ba ta fitar ba.

Sai zancen waɗanda ke wurin. Ke jika ce, kuma wannan babbar dama ce, domin wasan da ke tsakanin kaka da jika ya ba ki izinin tambayar abin da babanki ba zai iya ɗaga kai ya tambaya ba: samarin da suka zo zance, wanda take so aka hana ta, zaman da ta yi da uwar miji. Amma wannan yana yiwuwa ne in ku biyu ne, ko ku uku. Da zarar ɗanta na fari ya shigo, ko suruka, ko wadda suka yi kishi, za ki ga maganar ta koma "alhamdulillahi, an zauna lafiya". Kada ki tara gida a kanta. Zaman taro yana da ranarsa, kamar bayan Sallah in 'yan'uwanta sun zo, suna tuna wa juna suna musu, kuma shi ma a ɗauke shi, amma wani abu ne dabam.

Lokaci mafi kyau shi ne da hantsi, bayan ta karya ta sha magani ta fito shan rana, ko tsakanin la'asar da magariba in ba ta cika gajiya da yamma ba. Minti arba'in zuwa awa ɗaya ya isa. Ki tashi tun tana da sauran magana a baki, ki ce mako mai zuwa za ki dawo a kan haihuwar fari. Zama shida gajeru sun fi zama ɗaya na wuni, domin tsakanin zama da zama za ta yi ta tuno abubuwa ita kaɗai, ki tarar ta tanadar miki.

In ta yi shiru a tsakiyar magana, kada ki cike wurin. Ki ƙirga goma a zuci. Sau da yawa abin da ke biyo bayan shirun nan shi ne ainihin labarin. In ta faɗi abin da kika san ba haka yake ba, kada ki gyara mata a lokacin, ki rubuta a littafinki ki tambayi wani daga baya. Kada kuma ki ce "ai kin taɓa ba mu wannan", ko da kin ji shi sau ashirin. Ba a taɓa ɗaukarsa ba.

Wayar kuwa, kada ki ɓoye ta. Ɗaukar muryar tsoho a sace cin amana ne, kuma ranar da ta gane ta daina sakin jiki da ke. Ki gaya mata gaskiya: kina so 'ya'yanki su ji muryarta. Ki ɗauki minti ɗaya ki kunna mata ta ji kanta, yawanci dariya za ta yi, tsoron ya tafi. A farkon kowane zama ki faɗi ranar da shekarar da unguwar da sunanki da nata, sannan ki tambaye ta su wa ta yarda su saurara. Abin da ta ce na 'yan ɗakinta ne, ya tsaya a nan.

Tambaya: Na zauna da mahaifina kusan awa biyu ina ɗaukar maganarsa da waya. Da na zo saurare, ƙarar janaretan maƙwabta da fanka sun danne muryar. Akwai gyara? Kuma me zan saya don kada a sake? Daga wani malamin makaranta a Bukuru.

Amsa: Malam, kada ka goge abin da ka ɗauka. Akwai manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna Audacity da ke rage ƙara mai tafiya bai ɗaya irin ta janareta ko fanka: za ka zaɓi ɗan wurin da ba a magana, ka nuna mata cewa wannan ce ƙarar, ta tsame irinta daga sauran. Tana ragewa ne, ba ta dawo da muryar da ta nutse gaba ɗaya, kuma in ka matsa mata da yawa muryar Baba za ta koma kamar daga cikin randa take fitowa. Ka yi gyaran a kan kwafi, ka bar na asali yadda yake.

Kafin ka sayi komai, ka gyara zama. Matsalar mafi yawan mutane nisa ne. Makirufon waya yana ƙasanta, kusa da ramin caji. Ka juya wannan gefen ya fuskanci mai magana, tazarar kada ta wuce kamu ɗaya daga bakinsa. Kada ka riƙe ta a hannu, motsin yatsu yana shiga. Kada ka ɗora ta a kan teburin gilashi ko faranti. Ka ninke tawul ka ɗora a kan 'yar kujera. Ɗakin kwana mai katifa da labule da darduma ya fi falo mai tayil, domin falon yana mayar da amo. A kashe fanka da talabijin, a rufe tagar da ke kallon titi, in firji yana kusa a cire shi na awa ɗaya. A watannin Yuli da Agusta, in ruwa ya sauko a kan rufin kwano, haƙuri za a yi har ya tsagaita. In an kira sallah a tsaya, a ci gaba bayan an idar.

Ka yi amfani da manhajar ɗaukar murya da ta zo da wayar, ba saƙon murya na WhatsApp ba, wanda ke matse sauti kuma kira ɗaya yana iya katse shi. Ka sa wayar a yanayin jirgin sama, wanda ke rufe kira da saƙo. Ka ɗauki gwaji na rabin minti, ka saurara da abin kunne, sannan a fara. Awa ɗaya ta murya a matsakaicin inganci tana cin kimanin megabayit 60. In ka zaɓi nau'in fayil ɗin murya da ake kira WAV, wanda bai matse komai ba, ta kai 300 ko fiye. Bidiyo kuwa awa ɗaya tana cin gigabayit huɗu zuwa takwas, ga shi yana sa tsofaffi su ƙame. Shawararmu a ɗauki hirar da murya, a yi bidiyon minti biyar a ƙarshe don a ga fuska da hannuwa da ɗakin.

In za ka saya, ƙaramin makirufo mai maƙalawa a riga ya wadatar, ana samunsa a shagunan kayan waya na wajen Terminus. Ka tafi da wayarka a gwada a gabanka, don ramukan waya sun bambanta. A maƙala shi kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, a saman riga ko hijabi, ba a ƙarƙashi ba, kuma a kula kada carbi ko rawani ya riƙa gogarsa.

A daren da aka ɗauka a sauya wa fayil suna: shekara, wata, rana, sunan mai magana, lambar zama. A ajiye kwafi uku: a kwamfuta ko filas, a intanet kamar Google Drive da ke ba da gigabayit 15 kyauta, da kuma wajen wani ɗan'uwa a wani gida. Mayar da awa ɗaya ta magana rubutu yana cin awa biyar ko shida, wannan ne ke karya gwiwar mutane. In ba ka da wannan lokacin, ka saurara sau ɗaya ka rubuta abin da ake magana a kai duk bayan minti biyar, da sunayen mutane da garuruwa. Shafi ɗaya ya isa a nemo kowane labari.

Tambaya: Babanmu bai san shekarar haihuwarsa ba, abin da ke katinsa ƙiyasi ne aka yi a kotu. Duk labarinsa "shekarar kaza" ce, ba lamba. Ta yaya za mu sa shekaru a abin da muke rubutawa? Daga wani ma'aikaci a Farin Gada.

Amsa: Malam, yadda Baba ke lissafi yana da inganci, aikinku shi ne ku ɗaura shi a kan abubuwan da aka san shekarunsu. Ga waɗanda suka fi amfani ga mutanen Jos. Yaƙin Hitila daga 1939 zuwa 1945 ne. An buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Sarauniyar Ingila ta zo Nijeriya har ta sauka a Jos a 1956. Samun mulkin kai 1960. An kashe Sardauna a Janairun 1966, yaƙin basasa ya gudana daga 1967 zuwa 1970. An koma tuƙi ta hannun dama a 1972, naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule a 1973. An kashe Janar Murtala a Fabrairun 1976, a shekarar ce kuma aka raba jihar Binuwai da Filato, aka fara shirin firamare kyauta na UPE. Gwamnatin tarayya ta tare a Abuja a Disamban 1991. Babbar kasuwar Terminus ta ƙone a 2002.

Kada ku tambaye shi "a wace shekara". Ku ce, "Baba, ranar da labarin Sardauna ya iso, kana ina? Ka yi aure? Wa ake goyo a gidan?" Amsa ɗaya ba ta isa, sai an samu biyu ko uku sun yi daidai da juna. A misali, in ya ce lokacin zuwan Sarauniya haƙoransa na gaba sun zube, to yana da shekara shida ko bakwai a 1956, an haife shi ke nan wajajen 1949 zuwa 1950. In ya ƙara da cewa ya yi auren fari shekarar da naira ta fito, yana da ashirin da uku ko da huɗu ke nan, lissafin ya zauna. In kuwa ya ce lokacin yaƙin basasa yana da 'ya'ya uku, to wani wuri ya goce, a sake bi. Kaciya, fara azumi, saukar Alƙur'ani, fara biyan haraji, duk ma'auni ne. A wajen mata jerin haihuwa ya fi komai: tsakanin ɗa da ɗa yawanci shekara biyu zuwa uku ne saboda yaye, amma sai an lissafa har da waɗanda suka koma, in ba haka ba lissafin zai gajarce.

Inda ake yawan zamewa shi ne abubuwa masu suna ɗaya. "Shekarar canjin kuɗi" tana iya zama 1973, tana iya zama 1984 da aka sauya launin takardun naira zamanin Buhari da Idiagbon. "Juyin mulki" ya faru sau da yawa, ku tambaya wa aka tumɓuke. "Rikicin Jos" ma a tantance ko na 2001 ne, ko 2008, ko 2010.

Laƙabi ma shaida ne: Ɗanladi da Ladi ranar Lahadi, Azumi a watan azumi, Gambo bayan tagwaye, Tanko bayan jerin mata. In kun tarar da shekarar Hijira a bangon Alƙur'ani ko a wata takarda, ku ninka ta da 0.97 ku ƙara 622. 1380 za ta ba ku 1960, da kuskuren da bai wuce shekara ɗaya ba. Ku duba tsohon fasfon aikin hajji, katin aikin reluwe ko na kamfanin kuza, da rasiɗin haraji. A rubutunku, duk shekarar da lissafi ya ba ku ku sa mata "wajajen", ku rubuta dalilin a gefe.

Tambaya: Ina son rubuta salsalar gidanmu, amma mahaifiyata ba ta faɗin sunan babanmu ko na yayanmu na fari, ga sunaye sun maimaitu har na rikice. Daga wata uwa a Rikkos.

Amsa: Hajiya, kada ki matsa wa Inna ta karya alkunyarta. Ki faɗi sunan da kanki ta ce "haka ne", ko ki tambayi ƙanin miji, ko gwaggo, ko aminiyarta. Ga kowane mutum ki tanadi gurbi uku: sunan yanka, laƙabi, da abin da gida ke kiransa. Wannan ne maganin rikicewa, domin yaron da aka sa wa sunan kaka sai a ɓoye sunan a ce Abba ko Ummi, bayan shekara hamsin ba wanda ya tuna na yankan.

Ki samu babban kwali, ki yi aiki da fensir. Ki fara daga tsohon da ke raye ki hau sama iyakar abin da ya sani, sannan ki gangaro. Kowace mata a ba ta layinta da 'ya'yanta a ƙarƙashinta, har wadda aka rabu da ita. Abubuwa biyu ne ake mantawa, kuma sun fi sauran muhimmanci. Na farko riƙo: wadda kowa ke cewa "'yar Gwaggo" wataƙila 'yar ƙaninta ce ta ɗauka tun daga yaye, sai a rubuta mahaifiya dabam, uwar riƙo dabam. Na biyu shayarwa: wace ce ta shayar da ɗan wace. Tsofaffin mata kaɗai suka riƙe wannan, kuma yana haramta aure, don haka a tambaye su tun suna nan.

Da yake yawancin gidajen Hausawan Jos kakanni sun zo ne daga Kano, Katsina, Zazzau, Bauchi ko Borno, kada ki tsaya a "mu Kanawa ne". Ki nemi sunan ƙauye, da unguwa, da gidan wa, da sana'ar da ta kawo su. In akwai kaka Birom ko Afizere ko Anaguta ko Ngas, a rubuta sunanta na gidansu da ƙauyensu yadda danginta ke faɗa. Ɓangaren uwa shi ne ya fi saurin ɓacewa.

Tambaya: Surukata tana maimaita labari ɗaya sau biyar a yini, tana neman mutanen da suka daɗe da rasuwa, amma ba ta tuna ko ta ci abinci. Yara sun fara gudunta, wasu a unguwa har suna ƙananan maganganu. Hira da ita tana da amfani? Daga wata matar aure a Nasarawa Gwom.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri a kan kula da ita. Abin da kika bayyana ya yi kama da ciwon mantuwa na tsufa. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba maita ba ne, ba kuma ganganci ba, kuma ya kamata maigida ya tsawatar a kan maganganun nan da kansa. A kai ta asibiti likita ya duba ta, domin akwai abubuwan da ke kawo ruɗewa waɗanda ake magancewa. In kuwa ruɗewar ta zo ne farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, ko da zazzaɓi, ko bayan faɗuwa ko sauya magani, kada a jira, a tafi a ranar.

Hira tana da amfani ƙwarai. A wannan ciwon abin da ya faru ɗazu shi ke fara gushewa, na ƙuruciya ya daɗe yana nan, shi ya sa take komawa can, nan ne take jin ƙasa a ƙarƙashin ƙafarta. Amma salon ya bambanta da na mai lafiya. Kada a yi mata jarrabawa: "Kin gane ni? Wane ne wannan?" yana sa ta firgita ta ji kunya. Ki ce, "Inna, ni ce matar wane, ga hoton gidanku na Gangare," ki bar ta ta ɗauka daga nan. In ta tambayi mijinta da ya rasu, kada a riƙa sanar da ita rasuwar kullum, kowane karo sabon makoki ne a wajenta. Ki ce, "Kina kewarsa ko? Wane abinci ya fi so?" Minti goma zuwa sha biyar ya isa, kuma da safe, don masu wannan ciwon sun fi rikicewa in rana ta yi sanyi. Ki zauna a gabanta ta ga bakinki, ki yi magana a hankali ba da ihu ba. Waƙoƙin da da karatun da ta haddace sukan zauna bayan sauran sun tafi. A ba yara aiki: ɗaya ya riƙe hoto, ɗaya ya koyi waƙar. Labarin nan da take maimaitawa a ɗauke shi, amma kada a kafa hujjar gado ko iyakar gona da maganarta ta yanzu.

Tambaya: Kawuna ya fara ba mu labarin yadda suka bar tsohon gidansu lokacin rikici, sai ya fashe da kuka. Mu ci gaba ko mu bari? Daga wani ɗalibi a Dilimi.

Amsa: Ɗan'uwa, shi zai zaɓa. Ka tsayar da ɗauka, ka ba shi ruwa, ka zauna tare da shi ba tare da "yi haƙuri, ya wuce" da gaggawa ba. In ya natsu ka tambaye shi ko a ci gaba, ko a bari sai wani lokaci, ko a bar zancen gaba ɗaya. Kada ka nemi bayanin abin da idonsa ya gani filla-filla. Abin da ya kawo da kansa shi za ka karɓa. Kada a rufe zama a kan wannan wurin, a dawo da shi kan wani abu mai sauƙi kafin a tashi, kuma ka leƙa shi washegari. In ya daina barci ko cin abinci na kwanaki, a ga likita.

Ka tambaye shi har da zaman da aka yi kafin rikicin: maƙwabta, abokan ƙwallo, kai abincin Sallah da na Kirsimeti, da waɗanda suka ɓoye wasu a ɗakunansu. Wannan ma abin da ya faru ne, kuma yaran da suka tashi bayan an raba unguwanni ba su san shi ba. Irin wannan faifan ba na Facebook ba ne ko zauren WhatsApp. In ya ambaci sunan wani da zargi, ya tsaya a cikin gida, domin guntun magana da aka yanke aka yaɗa tana iya tayar da abin da ba ku nufa ba.

Tambaya: Mun buɗe akwatin marigayi kakanmu mun tarar da kaset goma sha, wasu saƙon murya ne da 'yan'uwa suka aiko daga Makka, da hotuna da suka manne da juna. Wani ya ce mu kai a yi musu laminatin. Daga wasu 'yan gida ɗaya a Titin Bauchi.

Amsa: Allah ya jiƙansa. Kada ku yi laminatin. Zafi da gam ne ke manne ledar, ba ta ɓaruwa, kuma tana lalata hoto da tawada a hankali. Kwafi ake yi wa laminatin, ba asali ba.

Kaset tukuna. A gefen sama na kowanne akwai 'yan harsuna biyu na roba. Ku karye su, shi ke hana a danna jan maɓallin ɗauka bisa kuskure a goge abin da ke ciki. Ku duba ta tagar kaset ɗin: in akwai farin funfuna a kan zaren, ku ware shi, kada ya shiga rikoda ya shafa wa sauran. Ku zura biro mai kusurwa a ramin ku juya a hankali ku ga ko zaren yana tafiya. Ku duba ɗan audugar nan da ke bayan zaren a tsakiyar bakin kaset, in ya faɗi sauti zai fito a dishe, mai gyaran rediyo yana iya mayar da shi. A goge kan rikoda da auduga da ɗan sifirit, a bari ya bushe, a fara gwada ta da kaset marar amfani, don tsohuwar rikoda tana taunar zare. Hanyar kwashewa ita ce a haɗa kebul daga ramin abin kunne na rikoda zuwa kwamfuta a ɗauka da Audacity. In babu, a ajiye waya kusa da lasifika a ɗaki shiru. Kaset mai lamba 60 awa ɗaya zai ci, mai 90 awa ɗaya da rabi, babu hanyar gaggautawa. A fara ɗauka tun kunnawar farko, don wani kaset ɗin ba zai jure ta biyu ba. Zaren da ya tsinke ana haɗa shi, amma ba da salatif na takarda ba, gam ɗinsa yana narkewa ya manne sauran.

Hotunan da suka manne, danshin damina ne ya narkar da fuskarsu. Kada a ɓamɓare da ƙarfi, fuskar mutum za ta biyo bayan ɗaya hoton. Wanda ya manne da gilashin firam a bar shi a ciki, a ɗauke shi ta gilashin. Sauran a kai su sikanin a saita ingancin na'urar (dpi) a lamba 600 ga ƙananan hotuna, 300 ga takardu. In da waya za a yi, a shimfiɗa hoton a inuwa kusa da ƙofa da rana, a kashe filashi, wayar ta daidaita a samansa kada ta karkace. Wajen tura wa dangi ta WhatsApp a tura a matsayin fayil, in ba haka ba zai rage ingancin. Na asali a jera su a ambulan na takarda da farar takarda a tsakaninsu, a akwatin da aka ɗaga daga ƙasa, nesa da bangon da ke jiƙa da inda gara ke bi. Ba a ɗaure su da roba, ba a sa su a leda.

Kafin ku rufe akwatin, ku kai hotunan da muryoyin wajen wanda ya fi kowa tsufa a dangi, ku kunna waya, ku bi su ɗaya bayan ɗaya. Kowane hoto a ba shi lamba a faɗe ta da baki kafin a fara bayaninsa, don maganar "wannan da ke tsaye" ba ta da amfani ga mai sauraro. Sunayen a rubuta su a bayan hoton da fensir mai laushi, daga hagu zuwa dama, a kan abu mai tauri ba tare da dannawa ba. Biro yana huda takarda, tawadarsa kuma tana fitowa ta fuskar hoton.